MacIver na Buhu

A kwarin Achmorra, idan mutum ya ce maka shi MacIver ne, bai gama gaya maka ko shi wane ne ba. Sai ka ƙara da tambaya: na jini ko na buhu? A zamanin da nake ba da labari, 'yan shekaru bayan babban yaƙi na biyu, tambayar ta kusa zama ta banza, don gida biyu kacal suka rage masu amsa sunan. Jiragen Kanada sun kwashe wasu, Glasgow ta haɗiye wasu, teku da yaƙi suka raba sauran. Na jini saura Torquil, wani dogon tsoho mai gemu, dattijon coci, wanda matarsa ta rasu, ɗansa tilo kuma bai dawo daga yaƙi ba. Na buhu kuwa saura Hector da ƙanwarsa Dolina, waɗanda ba wanda ya taɓa aure a cikinsu. Katangar dutse ce kawai ta raba gonarsu da ta Torquil.

Asalin sunan ba a jayayya a kansa. Wani mutum ne mai suna Iver ya zo daga arewa cikin dogon jirgin ruwa, ya ga kwarin ya yi masa, ya ja jirginsa kan yashi ya ce ya iso gida. 'Ya'yansa da jikokinsa su ne MacIver, wato 'ya'yan Iver. Torquil yakan ce jarumi ne da sarakuna ke shakka. Hector yakan ce ɓarawon shanu ne da iska ta ɓatar. Ni dai ban ga abin da zai hana duka biyun su zama gaskiya ba.

Maganar buhu daga baya ta zo. Wata shekara ƙanƙara ta sauka a kan sha'ir tun yana tsaye a gona, aka yi yunwar da har yau tsofaffinmu ba sa son ambatonta a kan abinci. Babban gidan MacIver na lokacin yana da rumbu cike, yana kuma da rigima da mutanen bayan dutse, yana neman mazan da za su riƙe takobi da sunansa. Sai ya buɗe rumbun, ya ce duk magidancin da ya yarda ya amsa MacIver, shi da zuriyarsa, ya zo ya ɗauki buhun gari. Kakan kakannin su Dolina ya dubi haƙarƙarin 'ya'yansa, ya ga suna ba ya shiga tukunya, ya tashi ya je. Ya raɗa tsohon sunansa a kunnen maigidan, ya saɓa buhu, bai sake furta sunan ba, ya kuma hana iyalinsa. Tun daga nan sunan yake ajiye a gidan jini, uba yana raɗa wa babban ɗansa. Sharaɗin fansa ɗaya ne: ranar da na buhu suka dawo da buhu cikakke, na sha'ir ɗin da suka noma da hannunsu, suka niƙa, suka goyo shi a baya har ƙofa, ranar za a mayar musu da abinsu.

Ba wanda ya taɓa yi. Wa zai ba da abincin hunturu guda saboda kalma ɗaya? Sai abin ya koma wasa. Kowace safiyar sabuwar shekara Hector zai ƙulla ɗan gari a tsumma, wanda bai fi cikin tafin hannu ba, ya sa Dolina a gaba su tsallaka katanga.

"Ɗan jini! Fito ka karɓi garinku ka ba mu sunanmu!"

Torquil zai fito da rigarsa ta coci, ya karɓi ƙullin, ya jinjina shi a hannu kamar mai sayen zinariya. "Wannan ko ɓeran gidana zai raina shi. Ku dawo baɗi."

"Ai na kakanka ma rabi tsakuwa ne."

"Tsakuwar ce ta yi muku ƙashin bakin da kuke zagina da shi. Ku shigo, sanyi na shiga mini ɗaki."

Daga nan sai su shiga, ya ciyar da su gurasa da cuku da busasshen kifi, abin da ya ninka ƙullinsu sau ba adadi, a wuni ana musun Iver. Dolina ba ta cika sa baki ba. Nata ta zuba shayi, ta riƙa kallon tsofaffin nan biyu suna cacar baki, tana jin daɗi har cikin ranta.

Abin da ba ta taɓa ɗauka da gaske ba shi ne, Hector ba duka wasa yake yi ba. Ya daɗe da tabbatar wa kansa cewa sunan nan na manyan mutane ne, wataƙila masu tsibiri guda, shi ya sa gidan jini suke ɓoye shi. A hunturun da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, da ya ga ba tashi zai yi ba, ya kama hannunta.

"Dolina, na yi rayuwata duka da rigar aro. Ban damu ba, ta yi mini ɗumi. Amma kada ki bari a kwantar da ni da ita. Dutsen da za a sa a kaina, ki sa a rubuta sunanmu."

"Yaya, ka sha maganinka ka bar wannan zance."

"Ki ce kin yi alkawari."

Ta yi. Me za ta ce wa mai numfashi da ƙyar? Kafin mako ya zagayo aka kai shi maƙabarta a bakin teku, Torquil na riƙe da igiyar wajen kai aka saukar da shi, yana kuka ba ya ko ɓoyewa. Kabarin ya zauna ba dutse. Mai sassaƙa duwatsun kabari ya aiko tambayar sunan da za a rubuta, Dolina ta ce ya jira kaka.

Da ƙasa ta fara sakin sanyi, ta tsallaka katanga ta sami Torquil yana gyaran ragar kifi.

"Aron doki na zo. Zan sa sha'ir a gonar tudu."

"Gonar tudu duka? Ke kaɗai? Aure za ki yi ne ba mu ji ba?"

"Buhu nake so ya fito, ban da na ci."

Ya fara dariya, ya dubi fuskarta, dariyar ta tsaya a hanya. Ta gaya masa abin da Hector ya ce. Ya daɗe yana juya igiyar raga a yatsa.

"Zazzaɓi ne ya yi magana, ba Hector ba."

"Da hankalinsa ya faɗa. Ko kuwa ka gaya mini yanzu, ni da kai, mu huta? Ba mai ji."

"Ba haka aka bar mini shi ba," in ji shi. Muryarsa ta koma irin wadda yake karanta Zabura da ita. "Ubana ya ce buhu a ƙofa, sannan suna. Ban isa in rage ba." Ya sunkuyar da kai kan ragarsa. "Dokin kuma ƙafarsa na ciwo."

Dokin nan yana tsaye a bayansa yana cin ciyawa, ƙafa huɗu lafiya lau, har da harbin ƙuda. Dolina ta dubi doki, ta dubi mai doki, ta juya ta tafi. Ranar ta ji haushin Torquil irin wanda ba ta taɓa ji ba, kuma zan faɗa, ni ma da na ji labarin na ji mata haushi. Dattijon coci da ƙaryar ƙafar doki!

Sai ta ciro tsohuwar garmar ƙafa ta babansu daga saman rufi, irin wadda ake taka wa da ƙafa a juya ƙasa, wadda ko a lokacin ba mai amfani da ita sai a labari. Ta kwaso ciyawar teku a kwando a bayanta ta yi taki. Mace mai furfura, gwiwa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ta juya gonar tudu taku ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabta sun zo da tayin taimako, ta ce a'a, an ce da hannunsu, to da hannunta. Suka koma suna cewa taurin kan gidan buhu ai gado ne.

Damina ta shiga, sha'ir ya fito, amma magana ta mutu tsakanin gidajen biyu. A coci Torquil ya gaishe ta kamar baƙuwa. Ta daina aika masa da madara, shi ma ya daina ajiye mata kifi a kan katanga. Wata rana da yamma tana cire ciyawa, ta ɗaga kai ta hango shi tsaye a jikin katangar, bai san ta gan shi ba. Sha'ir ɗin yake kallo, kallon da mutum ke yi wa jirgin da zai tafi da nasa. Nan take abin ya faɗo mata. Ranar da ta sauke buhun nan a ƙofarsa, ita ta tashi daga MacIver. Ba sauran wanda zai tsallako katanga da ƙullin gari, ba sauran wanda zai kira shi ɗan jini. Sunan da ya cika kwarin nan da maza zai koma tsoho ɗaya a ɗaki ɗaya, ba ma ɗan da zai raɗa wa komai. Tausayinsa ya kama ta har ta zauna a kan kunya ta share ido da gefen zane. Amma alkawari kaya ne, wanda ya ɗora mata kuwa ba ya nan balle ta roƙe shi ya sauke.

Sha'ir ya nuna a makare, kamar yadda ya saba yi mana. Wata Asabar da safe ta fito da lauje ta ga tsuntsayen teku sun baro ruwa sun cika gonaki, iska kuma ta juya ta koma kudu maso yamma. Duk wanda aka haifa a Achmorra ya san fassarar wannan: gobe ko jibi guguwa za ta zo ta kwantar da duk abin da ke tsaye. Gobe kuwa Lahadi, ranar da ko ruwa ba a ɗebowa a kwarinmu, balle a taɓa lauje. Kowa yana gonarsa yana ta kansa. Ta dubi gonar tudu, ta san ko hannu huɗu gare ta ba za ta gama kafin duhu ba. Ta dai sunkuya ta fara.

Ba ta yi nisa ba ta ji ƙarar wasa ƙarfe a bayanta. Torquil ne, ya tuɓe riga, yana wasa dogon laujensa da dutse.

"Me ya kawo ka?"

"Na zo in ga yadda ake ɓata hatsi. Wa ya koya miki yanka haka? Kamar akuya ta bi ta wurin."

"An ce da hannunmu."

"An ce ku noma, ku niƙa, ku goyo. Ba a ce komai a kan yanka ba. Ni ke riƙe da sharaɗin ko ke? Matsa, ki bi ni da ɗauri."

"Ƙafar dokin ta warke?"

"Da sauƙi," in ji shi, bai ko ji kunya ba. "Yana gaishe ki."

Haka suka wuni, shi yana yanka, ita tana ɗaure dami, ba mai ɗaga kai. Tsohon nan numfashinsa har fito yake yi, sau da yawa ta ga ya tsaya ya dafa ƙugu, amma da ta buɗe baki sai ya ce ta ji da nata aikin. Da rana ta karkata ya je ya jawo dokin da kansa suka kwashe damin zuwa rumfa. Ɗigon farko ya sauka suna rufe ƙofa. Suka tsaya a bakin rumfar suna kallon ruwa yana dukan gonar da ba komai a cikinta.

"Me ya sa, Torquil?" in ji ta. "Da ka zauna a ɗakinka, da iska ta yi maka aikin."

"Na zauna. Har na gode wa Allah da na ga tsuntsayen nan, kin ji abin kunya. Sai na tuna kakana garin da ya bayar don kada mutane su mutu ne. In na bar hatsi ya ruɓe don in riƙe ki, ai ban gaje shi ba." Ya sa rigarsa. "Kuma Hector ba zai bar ni in yi barci ba. Da ransa ma bai bar ni ba."

Sauran aikin nata ne ita kaɗai. Ta sussuke, ta sheƙe a bakin ƙofa inda iska ke ratsawa, ta busar a kan wuta, ta zauna ga dutsen niƙa na kakarta har kafaɗarta ta daina jin ciwo don ta gaji da ji. Ba ta yi sauri ba, kuma ta san ba gajiya ce kaɗai ke rage mata hannu ba. Amma komai jinkirin niƙa, buhu sai ya cika. Wata safiya mai sanyi ta ɗaure bakinsa, ta durƙusa ta goya shi da igiya a ƙirji. Katanga ba ta tsallakuwa da irin wannan kaya, sai ta zagaya ta hanya, tana tafe a duƙe, tana hutawa a jikin kowane dutse. Matan kwarin suka fito ƙofa suna kallo, ba wadda ta yi dariya, ba kuma wadda ta taɓa buhun.

Torquil ya riga ya hango ta. Yana tsaye a ƙofa da rigarsa ta coci, ya taje gemu. Ta sauke buhun a gabansa, ta dafa bango sai da numfashinta ya dawo.

"Ɗan jini. Ga garinku."

Ya kwance bakin buhun, ya tura hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo ya shinshina, ya ɗanɗana. Ta ga yana neman abin da zai kushe, bai samu ba.

"Ya cika," in ji shi a hankali. "Matso."

Ta matsa. Ya sunkuyo, gemunsa na sosa mata kunne, ya raɗa mata kalmar da ta yi zamani da zamani tana yawo daga baki zuwa kunne a gidan nan.

"MacNucator."

Dolina ta riƙa juya shi a harshenmu na gida, har ma'anar ta fito mata. Ɗan mai bugun tufa. Wato kakan nasu mutum ne mai jiƙa sabon saƙi yana dukansa har ya yi kauri.

"Mai bugu?" in ji ta. "Ba tsibiri? Ba ko ɗan jirgi?"

"Ko kwale-kwale."

Dariya ta kama ta, irin wadda ba ta yi ba tun rasuwar yayanta. Ta zauna a kan buhun tana riƙe ciki, hawaye na zuba. "Wayyo Yaya Hector! Sarkin tsibiri! Kai kuma ka sani duk shekarun nan, kana zaune kana jin sa yana raba wa kansa sarauta?"

"Kin san wahalar da na sha? Sau nawa na ciji harshena har jini." Shi ma ya yi 'yar dariya, amma ba ta daɗe ba. "Sana'a ce mai kyau. Mutane sun sa sun ji ɗumi. Ki gaya wa mai sassaƙa ya yi harufan da zurfi, iskar wurin nan tana cin dutse."

Ya gyara tsayuwa, ya cire hularsa, abin da bai taɓa yi mata ba tun suna yara, ya miƙo hannu kamar yadda ake yi wa baƙo.

"To, baiwar Allah, an sallame ku. Gidan MacIver ba ya bin ku komai. Allah ya sa ki ji daɗin sunanki."

Dolina ta dubi hannun, ba ta karɓa ba.

"Wa aka sallama?"

"Ku mana. Gidanku."

"Buhu nawa ka gani a nan?"

"Ɗaya."

"To na Hector ne. Shi ya aiko ni."

"Dolina, ba haka ake yi ba. Buhu ɗaya aka ba gida duka, buhu ɗaya ke fansar gida duka."

"Wannan lissafin masu jini ne. Ni da na goyo shi na san nauyinsa, na mutum ɗaya ne, da ƙyar ma ya kai. Nawa sai an sake noma, ni kuwa ka ga bayan nan? Ya gama aiki. Ko gonar tudu za ta yi kuka ba zan ƙara taka garma ba." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Ka sa hularka, kana ba ni kunya a gaban mutane."

Torquil ya juya fuska wajen teku, yana ta ƙifta ido.

"Wato dai ba zan huta da ke ba," in ji shi.

"Sai dai in ka riga ni. Kuma dutsena, in lokaci ya yi, MacIver za a sa, kusa da na mai bugu, kowa ya zo ya yi ta tambaya." Ta kama kunnen buhun ɗaya. "Kama can mu shigar da shi kafin ya sha raɓa. Kana da tukunya mai tsabta a gidan nan kuwa, ko sai na koma na ɗauko tawa?"